Wa ya san Jakarta? Za mu je sari kasuwar Tanah Abang ni da Hajiyarmu

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ina neman wanda ya taɓa zuwa Jakarta, wanda ƙafarsa ta taka garin nake nufi ba mai jin labari ba. Shagonmu a Kantin Kwari yake, hijabai da dogayen riguna da kayan yara muke sayarwa, kuma mun daɗe muna karɓar kayan Indonesiya a hannun wani, shi ya je ya saro mu mu saya a wajensa ya ɗora tasa ribar, to yanzu Hajiyarmu, wato mahaifiyata tunda ita ce mai jarin, ta ce ita fa gani ya kori ji sai ta je da kanta, ni kuma an ce ni ne ɗan rakiya saboda ɗan Turancin da nake ji. Dubai mun saba amma can ko hanya ban sani ba.

Abin da nake son sani, wane jirgi ake bi kuma yaya maganar biza, in mun sauka ta yaya za mu shiga gari ba tare da an yanke mu ba, a wace unguwa ya kamata mu kama masauki, sannan zirga-zirgar cikin gari. Wannan na ƙarshen shi ya fi damuna don na ga bidiyon gosulon garin wallahi sai da gabana ya faɗi, babura kamar me. Hajiya tana fama da ciwon gwiwa, ba ta son matakala, babur kuwa ko da kuɗi aka haɗa ta ba za ta hau ba. Allah ya saka da alheri.

Alhaji Mai Yadi

Wa alaikumus salam. Ɗana ka fara da biza tukuna kafin ka fara tunanin gosulo, don nan ne ake tsayawa. Mai fasfon Najeriya ba ya samun bizar nan da ake bugawa a filin jirgi, muna cikin 'yan ƙasashen da sai hukumar shige da ficensu ta can Jakarta ta duba takardun mutum ta amince, kuma sai kana da wanda zai tsaya maka a can, kamfani ko wanda kuke hulɗa da shi. Abin yana ɗaukar lokaci, saboda haka kar ka kuskura ka yanki tikitin da ba a canza masa rana kafin biza ta fito. Ofishin jakadancinsu yana Abuja, suna kuma da ofishin bunƙasa ciniki a Legas, ka je ka ji daga bakinsu, ka rabu da masu ce maka kawo kuɗi sati ɗaya an gama. Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata 6, ku riƙe katin rigakafin shawara ku biyun. In kuma biza ta ƙare kana ƙasar, tarar rupiya miliyan 1 ce kowace rana, rupiya shi ne kuɗin ƙasarsu, ka lissafa da kanka.

Jirgi babu mai tafiya kai tsaye daga nan. Ko dai Qatar ta Doha, ko Emirates ta Dubai, ko Turkish ta Istanbul, ko Saudia ta Jidda. Ni Doha nake bi, daga can zuwa Jakarta wajen awa 9 ne a sama. Tunda da Hajiya za ka tafi ka nema mata keken guragu tun wajen yankar tikiti, ba abin kunya ba ne, kyauta ne, kuma filayen jirgin nan tafiyar ƙafar da ke cikinsu ta isa ta kwantar da mai gwiwa kafin ma a fara kasuwa. Suna gabanmu da awa 6, ranar farko ba za ka tsinana komai ba sai barci, kar ka sa ta a lissafi.

Filin jirgin Soekarno-Hatta sunansa, ba ma cikin Jakarta yake ba, yana Tangerang ne ta yamma. Kana fitowa da kaya za ka ga masu tare ka suna tasi tasi, kar ka kula kowa, ka wuce layin Blue Bird, motoci ne shuɗɗa masu hoton tsuntsu, mita suke kunnawa ba ciniki. Ka duba da kyau an rubuta Blue Bird Group a gilashin gaba don akwai masu fenti irin nasu. Kuɗin titin da ake biya a tolget a kanka yake, direba zai taɓa katinsa ya haɗa maka a ƙarshe, duka-duka zuwa tsakiyar gari wajen rupiya dubu 200 zuwa 250, kar yawan sifilin ya tsorata ka, dala 1 ta haura rupiya dubu 16. In hanya a buɗe take minti 40 kun isa, in kuka faɗa lokacin tashi daga aiki ko aka yi ruwa to awa 2 ma ka gode Allah.

Shawarar da ta fi kowacce, in ka manta da komai kar ka manta da ita, ka kama masauki inda za ka iya takawa zuwa kasuwa ko kuma tafiyar minti 5 a mota. Titin Wahid Hasyim cike yake da otal manya da ƙanana, daga wajen babban kantin Sarinah ya miƙe har Tanah Abang, ko ka duba Kebon Kacang ko titin Fachrudin. Za ka ga otal mai kyau mai araha a intanet, a taswira ka ga ai kilomita 10 ne kawai, to kilomita 10 a Jakarta da safe rabin yininka ne, abin da ka rage a kuɗin ɗaki zai tafi a tasi ga ɓacin rai. Kasuwar kuma ba ta kai dare, tun wajen ƙarfe 4 na yamma za ka ji ana jan ƙofofi, saboda haka wanda ya iso ƙarfe 11 ya riga ya yi asara.

Ita kasuwar ka ɗauka Kwari ce aka ɗora ta hawa kan hawa aka sa mata na'urar sanyi. Tun 1735 take, zamanin Turawan Holan, kuma ita ce babbar kasuwar yadi da tufafi a duk kudu maso gabashin Asiya. Blok A da Blok B su ne manyan gine-ginen, akwai lifta akwai matakala mai tafiya da kanta, akwai masallaci a can saman Blok A. Sari da kodi suke yi, guda 20 kenan, in ka tambayi kuɗin guda ɗaya daban in ka ce kodi daban. Kalkuleta ita ce tafintanku, ka danna ya danna. Duk shagon da ka saya ka karɓi katinsa ka ɗauki hoton lambar shagon da hawan da yake, don wallahi in ka juya baya ba za ka sake gane shi ba, layukan duk kamarsu ɗaya.

Ɗalibi a Depok

Sannu Alhaji, Allah ya ƙara girma, kusan duk abin da kuka faɗa haka yake, musamman maganar masauki. Amma ku yi min afuwa zan ɗan saɓa muku a kan tasi, don garin ya canza sosai a 'yan shekarun nan, wanda ya dogara da mota kaɗai shi ne yake shan wahalar Jakarta. Ni karatu nake yi a Depok, kudu da birnin, kuma da jirgin ƙasa nake shiga nake fita.

Malam Ɗan Kwari, daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa na musamman. Za ka hau wani ƙaramin jirgi na kyauta mai zagaya tashoshin filin ya kai ka tashar, daga nan ka yanki tikiti wajen dubu 70 zuwa 80, kujera mai kyau ga sanyi ga wajen ajiye akwati, ƙasa da awa 1 kana tsakiyar gari ko ana ruwa ko ana gosulo shi ba ruwansa. Yana tsayawa a Batu Ceper da Duri da BNI City ya ƙare a Manggarai. In masaukinku wajen Wahid Hasyim ne ku sauka a BNI City ku kira mota, tafiyar ba ta da nisa. Masu wayo suna sauka a Duri su canza zuwa jirgin gari, tasha ɗaya ce tak zuwa Tanah Abang, amma wannan sai wanda ba shi da kaya.

Abu na farko da za ka yi ranar da ka huta, ka shiga Indomaret ko Alfamart, kantuna ne da ke kowace kusurwa, ka nemi katin taɓawa, akwai e-money na bankin Mandiri akwai Flazz na BCA akwai wasu, ba sai kana da asusun banki ba, ka saya ka loda masa kuɗi a wajen mai kanti shi kenan. Da shi za ka hau bas, da shi za ka hau jirgi, har tolget yana biya. Kowa da nasa, kai ɗaya Hajiya ɗaya, don ana taɓawa a shiga a kuma taɓa a fita.

Jiragen kala-kala ne kar su rikita ka. Akwai KRL, shi ne na talakawa mai haɗa Jakarta da Bogor da Depok da Bekasi da Tangerang, dubu 3 ne kilomita 25 na farko sannan dubu 1 duk ƙarin kilomita 10, araha kamar banza, kuma yana da tasha a Tanah Abang da gadar sama mai kai ka har cikin kasuwa. Amma tsakanin 6 da 9 na safe, da kuma 4 zuwa 8 na dare, kar ka kai Hajiya wajen, mutane sama da miliyan 30 ne a birnin da garuruwan da ke kewaye kuma da yawansu a wannan lokacin suke motsi, a Manggarai da Tanah Abang ba kai kake shiga jirgi ba turo ka ake yi. Akwai MRT da aka buɗe a 2019 da bashin Japan, layi ɗaya ne daga Bundaran HI zuwa Lebak Bulus, tasha 13, wani wajen a ƙarƙashin ƙasa wani wajen a sama, tsaf-tsaf, kowace tasha da lifta, mafi tsadarsa dubu 14. Ana kan haƙa ci gabansa zuwa Kota shi ya sa za ka ga an kakkare titi ta wajen hasumiyar Monas da unguwar Harmoni. Sai Transjakarta, dogayen bas masu layinsu daban a tsakiyar titi, tun 2004 suke, ni dai dubu 3 da ɗari 5 na saba biya duk nisan da za ka je in dai ba ka fita daga tasha ba. Layi na 1 daga Blok M zuwa Kota shi ne zai fi maka amfani.

In kai kaɗai ne kuma kana sauri, ka ce za ka je wajen masu kago ko canjin kuɗi, to acaɓa ne maganin garin, ojek suke ce masa. Ka sauke manhajar Gojek ko Grab, ka sa inda za ka, kuɗin zai fito tun kafin ka hau, ba gardama, za ka iya biya da tsabar kuɗi, direba ya zo da koren jaket ya miƙo maka hular kwano kuma dole ka sa. Ka duba lambar babur ta dace da ta waya. Cikin manhajar akwai mota ma. Direbobin yawanci ba sa jin Turanci, ka rubuta a akwatin hira manhajar tana fassarawa, ko ka ɗauki hoton inda kake tsaye ka tura.

Duk wannan sai da data. Ka sayi layi da fasfonka a filin jirgi ko babban ofishin Telkomsel, kar ka saya a bakin titi, saboda suna da dokar rajistar lambar jikin waya, wayar da aka shigo da ita daga waje in ba a yi mata rajista ba layinsu ba zai hau ba, a ofis ne za su buɗe maka na ɗan lokaci a matsayin baƙo. Soket ɗinsu kuma mai ƙafa biyu zagayayyu ne, cajarmu mai ƙafa uku ba ta shiga, ka taho da adafta.

Wani abu da ba a faɗa wa baƙi, a hannun hagu suke tuƙi. In za ka tsallaka titi dama za ka fara dubawa, ka riƙe hannun Hajiya, ka ɗaga tafin hannunka yadda za ka ga 'yan gari suna yi ka tafi a hankali ba gudu ba tsayawa, baburan su za su kauce maka.

Maman Ilham

Ƙanena duk sun ba ka shawara irin ta maza masu ƙafa, bari in yi maganar Hajiya tunda ni ma da tsohuwata na je kuma na ga abin da ya wahalar da ita. Ɗalibi ya yi gaskiya bas ɗin nan yana da araha, amma bai faɗa maka cewa tashoshin a tsakiyar titi suke ba, kafin ka kai sai ka hau gadar sama mai lanƙwasa ta je ta dawo ta sake komawa, mai ciwon gwiwa kafin ta kai ƙofa ta gama yawo da numfashi. Wasu tashoshin an gyara an sa lifta wasu babu. Ni a ganina Hajiya motarta biyu ce, tasi da MRT, sai kuma bajaj in tafiyar gajera ce. Bajaj ɗin adaidaita sahu ne sak, shuɗi, shi ba mita sai ciniki kuma ku gama magana kafin ku hau, daga masauki zuwa ƙofar Blok A ko Thamrin City ya wadatar, yana kutsawa lungu inda mota ba ta shiga, sai dai ba a barinsa hawa manyan tituna irin su Sudirman da Thamrin.

In ta kama dole ku hau KRL, taragon farko da na ƙarshe na mata ne zalla, a bas ma gaba na mata ne, har akwai bas ruwan hoda da namiji ba ya shiga. Amma ka sani in ta shiga na mata kai ba za ka bi ta ba, to gara ku shiga na kowa da kowa da rana tsaka, akwai kujerun tsofaffi kuma masu gadi suna tayar da matasa a ba tsohuwa waje, wannan kam na yaba musu. Ka koya mata ta ce Pak in namiji ne, Bu in mace ce babba, suna jin daɗi sosai, su kuma da sun ga hijabi sun ji assalamu alaikum shi kenan an zama 'yan uwa, sai tambayar daga ina, sai a ɗauki hoto.

Tunda hijabi da dogayen riguna kuke so kar ku tsaya a Blok A da B kawai. Thamrin City tana nan kusa bayan babban kantin Grand Indonesia, ta fi sarari ta fi sauƙin tafiya ga tsohuwa, kayan mata musulmi da batik ne cike, kuma ranar Litinin da Alhamis masu ɗinki daga Tasikmalaya suna kawo kaya da kansu yankin, da sassafe ake yi, farashin ya fi sauƙi don daga hannun mai yi ne. Ka ga Hajiya ta tsaya gaban batik tana cewa ai wannan atamfa ce, to ba ta yi ƙarya ba, atamfar tamu daga kwaikwayon batik ɗin Jawa da Turawan Holan suka yi ta samo asali. Abu ɗaya ku kula, awonsu ƙanana ne, mutanen ba su da tsayi, abin da suka rubuta babba a wajenmu matsakaici ne, ku tafi da tef ɗin awo da samfurin riga daga gida ku gwada tsayi da faɗin hannu kafin ku ce a ɗaure kodi goma.

Kar ku ɗauki kaya da kanku. 'Yan dako suna nan da rigunan aiki masu lamba, ku yi ciniki ya bi ku ko ya kai wajen mai kago, ka ɗauki hoton lambar rigarsa. Jaka kuma a gaba, waya ba a aljihun baya ba, musamman kan gadar tasha.

Sallah ba matsala ko kaɗan, kowace tasha kowane kanti akwai ɗan masallaci da wajen alwala har da rigar sallar mata a rataye. Abinci ma halal ne kusan ko'ina in ba unguwar 'yan Chana ba, ku nemi gidan abincin Padang, shinkafa ce da nama da miya iri-iri ga yaji, za a jere muku faranti abin da kuka taɓa shi za ku biya, akwai sate tsire ne da miyar gyaɗa. Ruwan famfo dai ba a sha. In Hajiya ta ƙi komai to Indomie can ne gidansu.

Wane wata za ku je? Don daga Nuwamba zuwa Maris damina ce, Janairu da Fabrairu sun fi tsanani, ruwa ne na la'asar mai zuwa kamar da bakin ƙwarya, cikin awa ɗaya wasu titunan sun cika, kuɗin mota a manhaja ya ninka kuma ba ma za ka samu ba. Ranar 1 ga Janairun 2020 ambaliya ta ci unguwanni da yawa har mutane suka rasu. In ka ga hadari ya haɗo ku koma masauki ko ku zauna inda kuke ku sha shayi har ya wuce.

Alhaji Mai Yadi

Hajiya Maman Ilham ta gama magana. Ɗalibi ban ƙi taka ba, jirgin filin jirgin yana da kyau na hau shi, amma ku biyu ne, dubu 80 sau biyu ga kuɗin motar da za ta ƙarasa da ku, ka ga ya kamo kuɗin tasi, ga jan akwati daga wannan jirgi zuwa wancan da tsohuwa bayan kwana a sama. In sun sauka da dare ko da asuba su hau tasi kawai. Ranar komowa ce zan ce su hau jirgin ƙasa in tashinsu na yamma ne, tunda kaya sun riga sun tafi ta kago, don na ga wanda jirgi ya tashi ya bari yana zaune a kan titin filin jirgi.

Ga wani abu da ke rikita baƙo, suna da dokar mara da cika. Litinin zuwa Juma'a, 6 zuwa 10 na safe da 4 zuwa 9 na dare, manyan tituna in kwanan wata mara ne sai motar da lambarta ta ƙare da mara, in cika ne sai cika. Motocin manhaja na mutane ne masu zaman kansu, dokar ta hau kansu, sai ka ga direba ya soke tafiya ko ya ɗauke ka zagaye ta lunguna ka ɗauka cuta ce. Tasi mai lamba ruwan ɗorawa da babura dokar ba ta shafe su ba, shi ya sa ni har gobe tasi.

Dala kuma ka taho da sababbi 'yan 100 marasa lanƙwasa marasa tambarin biro, tsohuwa ko mai datti sai su rage mata daraja ko su ƙi karɓa. Ka canza kaɗan a filin jirgi na tasi, sauran a cikin gari wajen masu lasisi. In kuɗin hannunku sun kai darajar rupiya miliyan 100 ku bayyana a fom ɗin kwastan, ta intanet ake cikawa kafin a sauka.

Sai magana mai nauyi, ka ji ta da kyau. Kar ka karɓi saƙon kowa. Ko a Kano, ko a Abuja, ko a Doha, ko ɗan uwanka ne ya ce ga ɗan ƙunshi ka miƙa wa wani, in ba ka buɗe ka gani da idonka ba ka ce a'a. Hukuncin ƙwaya a ƙasar kisa ne kuma sun taɓa aiwatarwa, a 2015 da 2016 an harbe 'yan Najeriya a kan haka, shi ya sa koren fasfo yake shan tambayoyi a wajen shiga. Ka riƙe takardar otal da tikitin komowa da lambar wanda ya tsaya maka a hannu, ka amsa abin da aka tambaye ka cikin natsuwa. Maganin gwiwar Hajiya ma ya kasance cikin kwalinsa da takardar likita. A cikin gari kuma kullum kwafin fasfo da biza na jikinka, jami'an shige da fice suna kai samame gidajen da baƙi 'yan Afirka suke zama.

Ɗan Kwari

Kai jama'a na gode ƙwarai, Baba Alhaji Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Anti Maman Ilham na karanta wa Hajiya naki ta ce a gaishe ki, ta ce maganar tef ɗin awo ita ma ta taɓa jin masu kuka da gajerun riguna. Niyyarmu mu je kafin azumi saboda kayan sallah su iso da wuri. Sauran tambaya biyu, an ce min wai masana'antun ɗinkin suna wani gari Bandung, yana da nisa ne, za a iya zuwa a dawo rana ɗaya? Sannan Hajiya tana so ta yi Juma'a a babban masallacinsu.

Ɗalibi a Depok

Kafin azumi kam ku yi da wuri sosai, kamar wata 2 kafin, don duk 'yan sarin ƙasar daga sauran tsibirai lokacin suke cika Tanah Abang, makonnin dab da azumi da cikinsa ko wajen sa ƙafa babu, ga shi kago ta ruwa tana ɗaukar makonni. Da sallah kuma garin watsewa yake kowa ya tafi ƙauyensu, shaguna a rufe.

Bandung ana zuwa a dawo. Akwai jirgi mai gudun tsiya, Whoosh, da aka buɗe a Oktoban 2023, 'yan Chana suka gina tare da su, yana kai kilomita 350 a awa, tafiyar kilomita 142 ce. Daga tashar Halim yake tashi a gabashin Jakarta, za ka iya zuwa da LRT, wani ƙaramin jirgin ƙasa ne, daga tashar Dukuh Atas ko ka hau tasi, ka sauka a Padalarang wajen rabin awa, akwai ƙaramin jirgi da zai ƙarasa da kai cikin Bandung da tikitin nan dai. Kuɗin yana hawa yana sauka gwargwadon rana da lokaci, ka tanadi kamar dubu 250 zuwa 300 kowane mutum, da fasfo ake yanka. In ba ka sauri akwai jirgin da ya saba daga tashar Gambir, awa 3, ya fi araha kuma ya ratsa duwatsu da gonakin shinkafa. Kana sauka Pasar Baru ba nisa da tasha, ita ce kasuwar tufafinsu. Garin ya fi Jakarta sanyi don a kan tudu yake. Kar dai ka je Asabar ko Lahadi, mutanen Jakarta duk can suke kwarara.

Masallacin Istiqlal ne, kusa da Monas, daga Tanah Abang tasi ba zai ci maka komai ba. An buɗe shi a 1978, shi ne mafi girma a yankin, wanda ya zana shi ma Kirista ne Friedrich Silaban, ga babban cocin Katolika suna kallon juna. Amma ka lura ba irin lokacinmu ba ne, azahar tana shiga tun wajen ƙarfe 12 saura, ana kiran sallah liman zai hau mumbari, in ka fito ƙarfe 1 sai dai ka tarar ana watsewa. Ku bar masauki 10 da rabi, ka ce wa direba ya sauke ku a ƙofar da ta fi kusa da lifta, ka tafi da leda ta zuba takalma. Mata ba su cika zuwa Juma'a a nan ba amma akwai wajensu, ma'aikatan za su nuna mata. Yawancin shagunan maza a kasuwa ma rufewa suke daga wajen 11 da rabi zuwa 1.

In Lahadi ta same ku a gari, da safe daga 6 zuwa 10 ana rufe Sudirman da Thamrin ba mota sai masu tafiya da masu keke, to kar ka sa tafiyar filin jirgi ta bi ta nan a lokacin. In kun samu biza ka rubuto a nan ka faɗi ranar sauka da lokacin, sai in gaya maka ko tasi ko jirgi.